Gaisuwa da Hannu a Wuyan Hannu

'Yata ta fari ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba sai a shekararta ta ƙarshe a makarantar koyon aikin jinya a Kano. Kuma ba a ta rubutu ta faɗi ba. A ta gwaji ce, wadda ake kwantar da mutum a gado ya yi kamar ciwo ya ci ƙarfinsa, malama tana tsaye da agogo tana kallon abin da ɗaliba za ta fara yi.

Ranar da ta dawo Wudil ina tankaɗe a tsakar gida. Ta zauna nesa da ni kamar yadda muka saba, don a gidanmu uwa ba ta sakewa da 'yar fari, ko sunanta ban taɓa kira ba. Sai da na gama ta ce, "Umma, dattijo suka kwantar, sa'an Baba. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi jiki, na tambayi mutanen gida. Ya ce da sauƙi, na ce Allah ya ƙara sauƙi. Ashe tun shigata yake jan numfashi da ƙyar. Malama ta ce da a ce da gaske ne, da ya cika ina cikin gaisuwa."

Dama ɗaya ta rage mata, bayan mako uku. In ta sake faɗuwa, sai maimaita shekara.

Abin ya tsaya mini a rai. Ni na koya mata wannan durƙuson tun tana ƙarama. Ni na hana ta kallon babba ido cikin ido.

Washegari bayan Azahar na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, na kwanta. Na ce, "Ke, zo ga mara lafiya."

Ta tsaya tana dariya cikin mayafi. Na ajiye wayata a gefe tana ƙirga minti, na fara nishi. Ta zo ta durƙusa.

"Sannu Umma, ya..."

"Na mutu," na ce. "Koma ki sake shigowa."

Sau huɗu na mutu a ranar. Maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Maman yara, lafiya kike ta mutuwa da rana tsaka?" Na ce ta je ta duba tukunyarta, wake na ƙonewa.

Karatuna iya sakandare ne, amma na karanta takardunta na gane tsarin. A fara duba ko hanyar iska a buɗe take, sai numfashi, sai gudun jini, kafin komai. Na kuma lura da abin da takardun ba su faɗa ba: yarinyar ta san duk wannan sarai. Hannunta ne ba ya iya taɓa babba kafin baki ya sauke haƙƙin gaisuwa. Da na hana ta gaisuwar gaba ɗaya sai ta daskare, ta rasa ta inda za ta fara.

Sai na ce, "To ki gaishe ni. Amma baki ne ke gaisuwa, hannu da ido ba ruwansu. Ki ce sannu yatsunki na kan wuyan hannuna. In na amsa da cikakkiyar magana, kin san iska na wucewa. In na yanke a tsakiya, ki bar gaisuwar nan."

Haka muka yi ta yi kullum. Ranar farko da ta kama hannuna, ta ɗora yatsu biyu tana ƙirga bugun jini. Na lissafa, rabon da fatarta ta daɗe a kan tawa haka tun yaye. Na kawar da kai na ci gaba da nishin ƙarya.

Saura "da sauƙi". Kome ta tambaye ni, haka nake amsawa, ina haki. Wata rana ta gaji ta ce, "Umma, ki riƙa faɗa mini inda ke ciwo mana."

Na ce, "Kakarki da sauƙi ta ce mana har safiyar da ta rasu, mu kuma muka yarda. Mutanenmu ba za su faɗa miki ba. Ki amsa da Alhamdulillahi, ki ci gaba da ƙirga numfashi."

Daga ranar ta fara kallon ƙirjina da leɓɓana kai tsaye, ba kunya.

Ta koma Kano, na bi ta da addu'a a kowace sujada. Sakamako ya fito ranar wata Juma'a, ta kamo hanyar gida, cunkoson kasuwa ya riƙe motarsu a bakin gada har bayan La'asar. Ina tsinke zogale ta yi sallama. Ban iya tambaya ba.

Ta zo har gabana ta durƙusa. "Ina wuni, Umma. Ya gida, ya ƙarfin jiki?" Sai na ji yatsu biyu a wuyan hannuna.

"Da sauƙi," na ce.

"Zuciyarki na gudu," ta ce. "Ki kwantar da ita, na ci."

Ba ta saki hannun ba, ni ma ban janye ba.