Tsamiyar da Baba ya hana girma

Bana shekara talatin da biyu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Haruna mai lambu, kuma har yau ban san ko na riƙe amanarsa ko na ci ta ba.

A zamanin mulkin Jamus ya yi wa wani Bature aikin lambu a Garwa, can ƙasar Kamaru. Baturen ya zo da 'yar bishiya a kasko daga ƙasar Sin, tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, wai kuma ta girme shi, shi Baturen. Zafin Garwa bai raga mata ba, kafin damina ta bushe ƙayau. Baba ya ga mutum yana zaman makokin icce, sai ya tono masa 'yar tsamiya a bakin kogin Binuwai. Baturen ya koya masa datse saiwa da tanƙwara reshe da waya. Da yaƙi ya zo ya miƙa masa kaskon, ya ce ya riƙe kafin ya dawo. Bai dawo ba.

Mu dai mun tashi mun tarar da ita bisa wani falalen dutse a tsakar gida, ba inuwa, ba abin kunu. Yayarsa takan ce, "Haruna, ko akuya ba a ɗaure ta haka." Sai ya ce, "Ajiya ce, Adda." Na taɓa tambayarsa amfaninta, ya ce shi ma bai tambaya ba.

Da ya rasu na tafi da ita Ngawundere, inda nake fataucin shanu. Don girmamawa na sa ta a ɗaki, har da shimfiɗa mata ƙyalle. Ganye ya zube. Na fitar da ita, ruwan can ya nemi ruɓar da saiwar. Na rasa yadda zan yi, na mayar da ita Garwa, na dire a gindin katanga, na roƙi matar ƙanena ta riƙa ba ta ruwa. Dutsen nan ko tuna shi ban yi ba, na ɗauka ado ne.

Ashe shi ya raba ta da ƙasa. Saiwa ta bi ta hujin kaskon ta nutse. Bayan damina uku na dawo na tarar kasko ya tsage, tsamiya ta wuce kaina. Na zauna na yi kuka, ba tare da na san na baƙin ciki ne ko na sauƙi ba.

Kwanan baya jikata ta nuna mini hoton irinta a mujallar Faransanci, wai bonsai sunanta, masu hali ke ajiyewa. Shin da Baba ya gani, zai ce ashe ba wauta ya yi ba? Ko kuwa yaran da ke tsintar tsamiya a tsakar gidansa zai tsaya yana kallo?

Abin da ya bar mini shi ne riƙon alkawarin da ba a gane kansa ba, ni kuwa na kasa. In jikan Baturen ya zo neman ajiya, zan nuna masa ita in ce ya ɗauka in zai iya. Abin da zan faɗa wa Baba ne ban samo ba tukuna.