Littafin Kamfanin Inshora da Nake Karanta wa Baba

Shekarun baya, tun ba a yanke mana jiha daga Sakkwato ba, mahaifina fataucin shanu yake yi. A Ƙaura muke zaune. Ranar Alhamis ya ci kasuwar Shinkafi, ya biyo ta Zurmi ya cika, a loda tirela a yi Kudu. Ni ne ɗansa na fari, kuma duk wanda ya tashi a irin gidajenmu na da ya san abin da wannan yake nufi. Bai taɓa kiran sunana ba. In yana da magana da ni, sai dai ya aiko ƙanena. In na tarar da shi a zaure, in durƙusa in gaishe shi in wuce. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka ya taso ya ga ana yi. Amma ina kallon ƙannena suna hawa jikinsa suna lalube masa aljihu, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin yana cin raina.

Wata shekara tirelar da ta ɗauki shanunsa ta faɗi a hanya, ga shi kusan duk jarinsa yana ciki. Allah ya taimaka, kafin tafiyar mai motar ya matsa masa ya yi wa shanun inshora a wani ƙaramin kamfani, irin waɗanda ba su da aiki sai dabbobi da kayan da ke kan hanya. Yana biya yana mita. Sai ga wani ma'aikacinsu ya zo har gida ya yi masa jaje kamar ɗan'uwa, ba a daɗe ba kuma aka biya shi. Da kamfanin ya fitar da hannun jari, Baba ya sayar da bijimi guda ya saya, ya ce wanda ya tsaya maka ranar wuya bai kamata ka juya masa baya ba.

Tun daga nan, duk shekara wajen faɗuwar damina sai kamfanin ya aiko masa da littafin rahotonsa na shekara ta gidan waya, mai sheƙi, cike da Turanci da hotunan mutane masu kwat. A lokacin ni kaɗai na yi nisa a boko a gidanmu, don haka dole ta sa aka neme ni. Ƙanena ya zo ya ce Baba na kira. Na tarar da shi bayan la'asar a kan tabarma, ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gida. Ya miƙo littafin yana kallon wani wuri.

"Kai, zamna ka diba muna mi sunka ce bana."

Na zauna. Tabarma ɗaya da mahaifina. Ina aji uku na sakandare, Turancin nawa ko kwabo bai kai ba, inda ya gagare ni sai in yi tari in tsallake. Na zo wurin da suke bayanin cewa haɗarin da suka ɗauka ba su riƙe shi duka, suna kai wani kaso wurin manyan kamfanoni su ma a yi musu inshora, shi ma kamfanin ya karɓi na wasu. Na yi ta kwana-kwana. Sai Baba ya fashe da dariya.

"Wanga ai ba sabon abu na ba. Ka taɓa ganin shanuna sun kwan ruga guda? Wasu na Katuru, wasu na Birnin Tsaba. In ciwo ya faɗa ma garke guda, saura na nan. Mutanen ga sun san kiwo."

Ranar na fara jin dariyarsa a kusa haka. Aka kawo fura muka sha. Da na karanta jawabin shugaban kamfanin kan abin da suke hange a shekara mai zuwa, sai ya ce, "To kai mi ka gani? Gaba za su yi ko baya?" Ni ake tambaya! Na gyara zama na zuba masa bayanin da ni kaina ban san inda ya dosa ba, yana gyaɗa kai har aka kira magariba. Haka muka riƙa yi duk shekara. Yara suna ɗokin Sallah, ni ina ɗokin littafin inshora.

Ana nan aka ba mu jiha, na yi difloma a harkar kasuwanci, na samu aiki a Gusau. Aka kuma ƙaddamar da Shari'a, kowa ya shiga bincikar abin da yake ci. A majalisarsu Baba aka fara maganar inshora. Wasu suka ce caca ce, wasu suka ce ai taimakon juna ne, wani kuma ya ce a bar batun inshorar, a dubi inda suke juya kuɗin. Mahaifiyata ta gaya mini abin ya hana shi sukuni, har abinci ya rage.

Da littafin wannan shekarar ya zo, aka kira ni kamar kullum.

"Yau ba labari nika so ba," in ji shi. "Tsakaninka da Allah, ribar ga ina taka fitowa, kuma ina sunka dosa?"

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ga difloma tana yi mini ƙaiƙayi, ga zafin addini irin na samari. Ko shafin farko ban buɗe ba, na zarce can baya wurin lissafi. Na ce masa kaso mai yawa na ribarsu kuɗin ruwa ne daga abin da suka ajiye a bankuna. Na ce harkar shanun ma ta fara zame musu ƙarama, kuma kamfani irin wannan ko ba daɗe ko ba jima manya za su haɗiye shi, hannun jarin ba inda za shi. "A sayar kawai, Baba, a huta." Kafin a dama fura na gama.

Sai ya ce, "Wanda yaz zo min jaje, shina nan cikinsu?"

Na ce ban ga hotonsa ba. Gaskiyar magana ko dubawa ban yi ba.

"To. Rubuta musu."

Na rubuta wa dillalin hannun jari a Kaduna, aka sayar. Baba ya ɗauki uwar kuɗinsa, abin da ya hau kai ya sa aka yashe rijiyar unguwa da shi. Hankalinsa ya kwanta. Ni kuwa na koma Gusau ina hura hanci, na fitar da mahaifina daga shubuha. Bai zo mini a rai ba cewa wanda ya sayar da hannun jari ba a ƙara aiko masa da littafi.

Shekara ta zagayo, damina ta faɗi. Na zo gida hutun ƙarshen mako, ranar Lahadi da la'asar na rataya jakata zan tafi tasha, sai ƙanena ya ce Baba na kira. Na same shi zaune a gefen tabarma, ya bar rabinta. Ya laluba aljihu ya ciro wata 'yar takarda a ninke, irin wadda ake sakawa a kwalin maganin tsutsar cikin shanu. Maganin da yake ɗura wa shanu tun ba a haife ni ba.

"Diba min wagga."

Ban ko sauke jakar ba. Na durƙusa na karanta masa adadin da ake ba babba da na ɗan maraƙi, na ce shi ke nan.

"Har an ƙare?"

"An ƙare, Baba."

Ya juya takardar. "Nan baya hwa?"

"Faransanci ne, duk abu ɗaya ne."

Ya ninke ta a hankali ya mayar aljihu. "To. Allah shi kiyaye hanya."

Motar da nake yi wa sauri sai da na yi kusan awa biyu a cikinta kafin ta cika. Ko a nan ban gane ba, ina ta tsaki ina duba agogo. Bai sake aikowa a kira ni ba, muka koma gaisuwar zaure har Allah ya karɓi abinsa.

Yau abokan aiki sukan zo su tambaye ni ko su sayi hannun jarin wani ƙaramin kamfani, in duba musu iya sanina. Na Baba kuwa ban taɓa bincikar ko ya tashi ko ya faɗi ba, ba na son sani. Shawarar da na ba shi ba ita ke damuna ba, ya tambaye ni tsakani da Allah na faɗa masa. Abin da ke damuna shi ne dattijo mai kunya ya nemi dalilin zama da ɗansa, duk gidan bai samu ba sai takardar magani, ni kuma na tsaya ina amsa masa tambayar magani. Wallahi ina kewarsa, kewar da ba ta raguwa. Ko Faransancin nan ne da na ajiye jaka na zauna na yi ta kame-kame a kansa. Babu mai kama ni, shi kuma ba zai gaji da saurare ba.