Jinkirin Bugu na Uku

Da sunan Allah Mai rahama nake buɗe wannan ɗan bayani a kan maƙwabcina, wanda unguwa ta sani da Makaɗi, ko da yake gangarsa ta daɗe a rataye. Tun yana saurayi kiɗa ne sana'arsa. Da ita ya yi aure, da ita ya ilimantar da 'ya'yansa. Ni ban kasance mai halartar wurin kiɗa ba, sai dai katangar da ke tsakaninmu ba ta da kauri.

Da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa hannunsa na dama, sai ya koma zaman kujera a falo, ya daina raha, ya hana a kunna kowane kiɗa a gabansa. Ɗansa, wanda ake kira Injiniya saboda yana haɗa sauti a kwamfuta, ya ƙudura sai ya mayar masa da abin da ya rasa. Ya tono wani tsohon kaset na kiɗan uban, ya kwashe sautin, ya yanka shi bugu-bugu, ya jera a allon na'urar kamar haƙoran matsefi.

Wata rana da hantsi suka aika a kira ni, wai tunda na karanci rabon gado, in zo in shaida lissafi.

"Malam, duba nan," in ji Injiniya. "Kowane zagayen kiɗa kashi takwas ne, kowane kashi sumuni guda ke nan. Baba yana raba su uku, uku, biyu. Kunne yana jiran nisfi da nisfi, wato huɗu da huɗu, sai a ba shi wannan, shi ya sa jiki yake motsi."

Na duba, na ce rabon ya cika, babu magajin da aka zalunta.

"Sai dai bugu na uku," ya ƙara da cewa. "Kullum yana faɗowa a makare, kamar da sudusin sumuni."

Makaɗi ya gyara zama. "Wa ke makara?"

"Hannunka, Baba. Ga shi a allo."

"Na yi kiɗa kafin a haifi wanda ya ƙera allon nan. Kaset ɗin ne ya gaji. Malam, gaya wa yaron nan ya san abin da yake faɗa."

Na ce ni an kira ni shaida ne, ba alƙalanci ba.

"To gyara shi," in ji Makaɗi. "Ka ajiye kowane bugu a layinsa, su ji yadda nake da gaske."

Injiniya ya ja kowane bugu ya zaunar da shi daidai, ya kunna. Lissafi ya fita tsaf. Makaɗi ya kafe fuska yana gyaɗa kai, amma na lura ƙafarsa ba ta motsa ba.

Sai matarsa ta shigo da kwandon wanki a kwiɓi, ta tsaya.

"Wane kafinta ne wannan yake buga ƙusa?"

"Mijinki ne, Mama."

"Ni na san mijina. Bai taɓa gaggawa haka ba." Ta ajiye kwandon, ta dubi tsohon. "Maigida, ka manta? Ni ce ba na ɗaga ƙafar hagu da wuri in ina rawa. Kai kuma idonka yana kanta, sai ta sauka kake bugawa. Har ƙawayena suka gane, suka dame ni da tsokana."

Na sunkuyar da kai ina jan tasbihina, domin wannan babi ba ya cikin abin da aka kira ni a kansa.

Makaɗi ya dubi silin, ya yi gyaran murya.

"Kai, mayar da shi yadda yake."

"Amma Baba, kai ka ce kaset ne ya gaji."

"Na ce mayar. Ka ƙara murya kuma."

Kiɗan ya tashi. Hannunsa na hagu ya fara taɓa gwiwa a hankali, yana jinkirtawa a bugu na uku. Allah Ya ƙara masa lafiya.