Ƙafa Uku Tsakanin Kawu da Direba

Kawu, wan mahaifiyata, kafinta ne. Ya fi shekara arba'in yana haɗa ƙofa da taga, fensir a bayan kunne, kuma ba ya ɗora zarto a kan katako sai ya auna sau biyu.

Filin gidansa tare suka saya da wani direban babbar mota, abokinsa tun suna samari. Mai filin ya raba musu, ya dasa duwatsu, ya rubuta wa kowa takarda da hannunsa. Suka gina, katanga ɗaya tsakaninsu, gajeriya, har matansu na miƙa wa juna ashana ta samanta. In Direba ya dawo daga tafiya, shagon Kawu yake fara sauka, ya zauna a benci yana tsokanarsa wai ƙafa ɗaya ta bencin ta fi sauran tsawo.

Bayan shekara goma sha takwas, Kawu ya tashi neman takardar mallaka a ofishin filaye. Aka nemi takardar ciniki, ya birkice ɗaki bai gan ta ba. Ya ce wa mai awo faɗin filinsa ƙafa hamsin ne, haka ya riƙe a kansa. Aka ja igiyar awo, sai ta ƙare a cikin kicin ɗin Direba, ta shiga da ƙafa uku.

Matar Kawu ta ce, "Malam, ka bar zancen nan. Ƙafa uku me za ta ƙara maka?"

Ya ce, "Ba yawansa ba, haƙƙi ne."

Direba ya zo shago da yamma, bai zauna ba. Ya ce, "Kai ka kafa mini ƙofar kicin ɗin nan da hannunka. Sai yau ka ga ya shigo maka?"

Kawu bai ɗago daga aikinsa ba. Ya ce, "Awo ya nuna, ba ni ba."

Mai filin ya rasu tuni. Takardar Direba kuwa ruwa ya taɓa jiƙa ta, lambar ta goge. Aka yi shekara biyu ana zaryar kotu, Kawu ya kawo shaidu biyu da suka ce hamsin suka ji, ya ci shari'a. Aka rushe kicin. Matar Direba ta koma girki a tsakar gida ƙarƙashin kwano ɗaya. Shekara ba ta zagayo ba suka sayar da gidan suka tashi, ba sallama.

Bayan shekara shida ina gidan Kawu ranar da ya zazzage tsohon akwatin kayan aikinsa. A can ƙasa, cikin leda, ga takardar. Idonsa ya yi rauni, sai ya miƙo mini.

Na karanta, "Faɗi, ƙafa arba'in da bakwai."

Ya ce, "Sake karantawa, 'yata."

Na sake. Ya karɓa ya ninke, ya sa a aljihu.

Sati uku yana bin tashoshin mota yana cigiya kafin a kwatanta masa gidan da su Direba suka koma. Ni na raka shi. Direba ya rasu tun bara. Matarsa ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa. Kawu ya fito da takardar.

Ta ce, "Mayar da ita aljihu. Ai ya sani. Ya ce wata rana za ka gani."

"Ya yafe mini?"

Ta ce, "Ban taɓa tambayarsa ba, Malam. Ni dai na yafe nawa."

Lauya ya ce wa Kawu ba wanda za a mayar wa wurin sai wanda ya sayi tsohon gidan Direba, wani ma'aikacin asibiti da bai san komai a kan rigimar ba. Kawu ya sa aka gyara takardu, ya ja katangarsa baya. Mutumin ya yi ta godiya, a zatonsa kyauta ce. A nan yake ajiye babur ɗinsa.

Da na tashi sayen nawa gidan, Kawu ya ce ba zan sa hannu ba sai an auna a gabansa da gaban maƙwabta. Ya raka ni ofishin filaye sau uku da sandarsa.