Takardar da Aka Ce In Ƙona

Ba na yar da takarda mai rubutu. Mahaifinmu ya hana mu tun muna yara a Alelu, ya ce ba ka san inda sunan Allah yake a cikinta ba. Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina aikin masinja a wani asibiti na yankinmu, ba zan ce wanne ba, kuma duk takardar da na gani a ƙasa sai na kakkaɓe ta na sa aljihu. A gidana da ke Jega akwai buhunan albasa uku cike da su, a rataye don kada gara ta ci. Matata takan ce ranar da gobara ta zo gidan nan, ni na tara mata makamashi.

Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba. Ina karanta Turanci, amma a hankali, ina bin layi da yatsa, kuma ban taɓa yi a gaban mutane ba don tsoron in yi kuskure a yi mini dariya. Saboda haka kowa a asibiti ya ɗauka ban iya ba. Babban nas ɗinmu, wanda duk ma'aikatan jinya ke ƙarƙashinsa, shi ya fi kowa sakankancewa da haka.

Ƙanwata, autar gidanmu, nas ce, kuma a asibitin nan ta fara aiki. Wata rana allurai suka lalace a firij saboda wuta ta ɗauke ba a sa an tayar da janareta ba. Wanda ke bakin aiki ranar ƙanin matar babban nas ne. Da idona na gan shi a tasha yana cin tsire a lokacin da ya kamata yana ɗakin. Amma ƙanwata aka rubuta wa takardar tuhuma, aka haɗa da ta canjin wuri zuwa wani ɗan asibiti can bayan Giwa Tazo. Babban nas ya kira ni, ya miƙo mini ambulan, ko liƙe shi bai yi ba.

"Kai wa auta. Riƙe da kyau, saƙon alheri ne."

Mutum uku ne zaune a ofishin, duk suka yi dariya. Na karɓa da hannu biyu. Na tsaya bayan ɗakin wanki na karanta daga farko har ƙarshe, sannan na kai mata, don an aike ni ne. Ta karanta a tsaye, ta ɗago ta dube ni.

"Yaya, ka san abin da ka kawo mini?"

Na ce ban sani ba. Wannan ƙaryar har yau ba ta bar ni ba.

Shekara huɗu ta yi a can, inda sai an ɗebo ruwa a jarka kafin a wanke hannu. Ni kuwa kullum da safe ina rusunawa in gaishe da babban nas, in ɗauki jakarsa, in goge masa tebur, kuma kullum ina roƙon Allah kada ya yi ritaya kafin in rama. Na san ba kyakkyawar addu'a ba ce. Nakan bi ta da istigfari, washegari in sake yin ta.

Sai matar da ke shugabancin ɗakin yara, wadda muke kira incaj, ta ajiye aiki. Takarda ta zo daga ofishin Birnin Kebbi, ana neman wanda zai maye gurbinta. Ƙa'ida ita ce a liƙa irin wannan a allon sanarwa har ranar rufewa, duk nas da ya cancanta ya gani ya nema. Babban nas ya jira sai ranar Alhamis da la'asar, bayan masu aikin safe sun watse. Ya sa na shafa koko na liƙa ta, ya ja baya ya ɗauke ta hoto da wayarsa don ya tura wa na sama shaidar an liƙa. Kokon ko bushewa bai yi ba ya ce:

"To cire. Ka haɗa da shara ka ƙona."

Na cire. Da na je ramin shara na dubi ƙasan takardar, sai na ga wanda ya sa hannu akwai sunan Allah a cikin sunansa. Ko da ban san me ke ciki ba, ba zan jefa ta cikin audugar jini ba. Na ninke ta na sa aljihu kamar yadda na saba.

Kwana biyu ina bin ta da yatsa. Shekarun aikin da ake so, ƙanwata ta wuce su. Na kuma gane dalilin ɓoyewar: in ba wanda ya nema sai ƙanin matar babban nas, shi za a ba.

Daga nan na shiga shawara da kaina. An ba ni amana, an ce in ƙona. In na kai mata, na ci amana ke nan? In kuma ban kai ba fa? Na kasa cin tuwo. Matata ta gaji da ni ta ce:

"Malam, cewa anka yi ka ƙona, ba a ce kak ka karanta ba. Abin da ya shiga kanka kuma ba ya ƙonuwa."

"To, amma ba don gaskiya nike son yi ba. Don in ga bayanshi ne."

"Ka yi don ka ga bayanshi, Allah Ya ba auta don gaskiyarta. Tashi ka ci abinci."

Ranar Asabar na shiga mota zuwa Maiyama, daga nan na hau kabu-kabu. Na tarar da ita tana auna wani jariri a ma'aunin da aka rataya a jikin bishiyar darbejiya. Da ta sallami uwar na ba ta takardar.

"Yaya, ina kas samo wagga?"

"Inda na samo waccan."

Ta karanta takardar har ƙarshe. Sannan ta ce in aka gane ni ne, za a kore ni, kuma shekara uku kawai ta rage mini in yi ritaya. Na ce ta bar wannan a wuyana. Muka shimfiɗa tabarma muka baje takardunta: na makarantar jinya, lasisin aiki, shaidar ƙaramar hukuma, hotuna. Na sa ta karanta mini ranar ƙarewar lasisin sau biyu, sannan na karɓa na duba da kaina. Ta bi ni da ido.

"Yaushe ka koyi karatu?"

"Na daɗe."

Ba ta tambaye ni game da ambulan ɗin farko ba, amma na ga ta tuna.

Maganarta ta kora ta tsaya mini a rai. In ita kaɗai ta nema, ko yaro ya san ta inda takarda ta fita. Don haka na wuce Aliero na yi hoton takardar guda goma. Ban yi a Jega ba, mai injin abokin hirar babban nas ne. Na raba wa direbobi da 'yan albasa, kowa na ce ya miƙa wa nas ɗin garinsu, kada ya ce daga ina. Har Gehuru ta kai. Takardun ƙanwata kuwa ni na kai su Birnin Kebbi da hannuna. Na ƙirga su a tasha, na ƙirga a mota, na sake ƙirgawa a bakin ofishin, har mai gadi ya tambaye ni ko lafiya.

Mutum tara suka nema. Ranar da babban nas ya ji, ya kira ni.

"Takardar nan, ka yi yadda na ce?"

Na ce, "Yallaɓai, na cire ta a gabanka."

Ya kore ni da hannu. Ya yanke cewa hoton da ya tura ne wani a can ofis ya watsa, ya yi ta faɗa da mutumin a waya, ina goge taga ina ji. Ban taɓa goge taga ɗaya tsawon wannan lokaci ba.

Amma dabarata ta kusa cin ni. Cikin waɗanda takardar ta isa akwai wata nas daga Aliero da ta girmi ƙanwata a aiki. Aka kira su biyu kaɗai ganawa ta biyu. Sati uku ina zagin kaina: don in tsira da aikina na jawo mata abokiyar takara. Na rame har ana tambaya ko ciwon suga ne.

Wata Talata wasiƙa ta iso. Dole babban nas ya sa hannu a kai kafin a aika, kuma ba wani masinja sai ni. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Wannan karon ya liƙe, amma a bayan ambulan an buga suna da muƙami. Ƙanin matarsa yana zaune a gefe.

Shekara huɗu ina shirya abin da zan faɗa masa, duk ya gudu. Sai kawai na tsaya a gaban teburin, na ɗora yatsa a kan ambulan, na karanta da ƙarfi, kalma bayan kalma: sunan ƙanwata, da incaj, da ɗakin yara. Na yi tuntuɓe a kalma ɗaya, na koma na gyara. Sannan na ce:

"Yallaɓai, saƙon alheri ne. Zan riƙe da kyau."

Ya dube ni, ya dubi allon sanarwa ta taga. Ba wanda ya yi dariya.

Bai iya korata ba, don in zai kore ni, sai ya faɗi abin da ya ce in ƙona. Ya cire ni daga ofis ya mayar da ni ramin shara, ni ke ƙonawa yanzu. Ya san inda zai taɓa ni: kowace safiya sai na tsuguna da tsinke ina tsince masu rubutu daga cikin ƙazanta kafin in kunna ashana, har na fara buhu na huɗu. Daga wurin kuma ana hango ƙofar ɗakin yara. Duk ranar Litinin ƙanwata takan liƙa jerin masu aiki, ƙanin matarsa ya zo ya tsaya ya nemi sunansa a rubutun hannunta. Nakan bar wutar in kalle shi har ya gama. An ce yafiya ta fi, kuma na yarda. Ban dai yafe ba tukuna.