Na Ɗauke Inna Daga Asibiti Kafin Sakamako Ya Fito

Lokacin da abin nan ya faru ina saurayi mai sayar da atamfa, gidanmu na Ƙofar Kware a Sakkwato. Zamanin soja ne, arzikin mai ya shigo gari, na sayi sabon babur, ina ganin babu abin da ban sani ba. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, maganata ake bi a gida. Wannan taƙamar ce ta kusa raba ni da mahaifiyata.

Inna ta yi wata biyu tana tari da rama, har numfashi ya fara gagarar ta. A asibiti likita ya ce ruwa ne ya taru tsakanin huhunta da haƙarƙari. Ya zuƙo shi da allura, ya bayyana mini cewa ciwon daji na kawo irin wannan ruwa, tarin fuka ma haka, kuma ido ba ya rarrabewa. Sai an aika Zariya an auna, domin kowace cuta na barin alamarta a cikin ruwan. Ya ce in yi haƙuri mako biyu. Ni kuwa tunda ya ambaci daji ban ƙara jin komai ba, don shi ya kashe kawuna. Na ce uwata ba za ta cika a hannun baƙi ba. Washegari na ɗauke ta, na kira wanzami ya yi mata ƙaho, na aika wa dangi su zo a yafi juna. Da Inna ta ga ana shigowa ana kuka, sai ta daina cin abinci. Wallahi ni na jefa ta cikin wannan tsoro.

Ana haka sai ga wata nas daga asibitin, Kirista 'yar Filato, ta yi ta tambaya har ta gano gidanmu. Ta ce sakamako ya dawo daga Zariya, babu alamar daji ko kaɗan, tarin fuka ne, kuma yana da magani. Ta wanke ni tas a gaban ƙannena, na kasa ɗaga kai. Muka koma asibiti, aka yi watanni ana allura da ƙwayoyi, Inna ta miƙe, har ta goya 'ya'yana.

Daga baya ta faɗa mini ciwon bai karya mata zuciya ba kamar yadda ta ga na riga na sallama ta. Har yau maganar na yi mini zafi. Jama'a, in likita ya ce a jira awo, a jira. Kada tsoro ya sa ku yi wa mai rai zaman makoki.