Ranar da Muka Ɗaga wa Baba Hannu

A shekarata ta biyu a jami'a a Manchester aka koya mana yaƙin basasar Ingila. Sarki ya ce mulkinsa daga Allah yake, ba mai tuhumarsa. Majalisa ta ce ba zai ɗora wa ƙasa haraji ba sai da yardarta. Har ya shiga zaurenta da dakaru don ya kama wasu daga cikin wakilan, ya tarar sun sulale. Daga nan aka zare takubba. Nakan zauna a benen sama na bas a Wilmslow Road, ruwa na zirara a jikin gilashi, ina ganin kamar mahaya ne ke wucewa ta gaban shagunan shawarma. Zuciyata duk tana wajen majalisa.

A shekarar ne council, hukumar birnin da Baba yake wa aikin akanta, ta rage ma'aikata, kamar yadda ake yi ko'ina a lokacin, aka haɗa da shi. Ya yi wata da watanni a gida a Birmingham, sannan ya yanke cewa za mu koma Kano gaba ɗaya. Har ya sayo manyan akwatuna. Mama ba ta so, saboda ciwon sukarinta da GP ɗinta, likitan da ya san ta. Yaya, babban wana, bai so ba. Ni ma haka.

A gidanmu ba a musa wa Baba a gaban 'ya'yansa. In Mama na son ya sauya magana, sai ta kira amininsa, wani Alhaji da ke Salford, su keɓe shi da Baba. Bayan 'yan kwanaki Baba ya fito da sabuwar shawara kamar daga kansa ta fito, kowa ya ce madalla. Wannan karon ma Mama ta riga ta kira Alhaji, yana nan tafe mako mai zuwa. Na sani sarai.

Ranar Lahadi na je gida. Muna cin tuwo da rana Baba ya ce, "Auta, me ake koya muku a can?"

Na zuba masa labarin sarki da majalisa, har da yadda maƙeran Birmingham suka ƙera wa majalisa takubba. Daɗin magana ya kwashe ni, na ce, "Mu ma da za mu yi ƙuri'a kan tafiyar nan, Baba."

"Ke, ci abincinki," in ji Mama.

"Bar ta, Hajiya," in ji Baba, yana dariya. "To, 'yan majalisa, wa ke son zama a ƙasar sanyi?"

Na tabbata ya zaci ba wanda zai motsa. Yaya ya ɗaga hannu. Na ɗaga nawa, da miya a yatsuna. Mama ba ta ɗaga ba, amma ta sunkuyar da kai, Baba kuwa ya gane.

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Shi sarkin naku, yaya suka ƙare da shi?"

"Sun fille masa kai, Baba."

"Allah sarki," ya ce. Ya wanke hannu, ya bar tuwonsa.

Da Alhaji ya zo bai tarar da abin gyarawa ba. Baba ya riga ya ce an fasa, ya ɗora akwatunan a kan wardrobe. Mun zauna, kamar yadda muka so.

A zangon karatu na gaba muka karanta cewa bayan shekaru Turawan sun gaji, sun kirawo ɗan sarkin suka ɗora shi kan gadon sarauta. Na koma flat ɗina a Whalley Range na kira Baba. Na ce ina son zuwa bikin ƙawata a Leeds, ko ya amince? A da sai ya tambaya ko 'yar gidan wa ce, da wanda zai raka ni.

"Yadda kuka gani, Auta," ya ce a hankali. "Ki gaida mutanen."

Ban je bikin ba.